Shawara ga mai son leƙa tsofaffin mashayun Landan

Jama'a, duk wanda ya je Landan, abokan aiki Turawa suka ja shi mashaya, ga abin da zai tarar. Kada ka zauna kana jiran sabis, ba mai zuwa. Kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take.

Abin da suke alfahari da shi, giyar ganga ce da suke kira "real ale". Ita ba a kashe yistinta, tana ci gaba da nuna a cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sannan a jawo ta da famfon hannu, ba a cusa mata iska. Shi ya sa ba ta da sanyi ƙarara, digiri 11 zuwa 13 ne. Ƙungiyar CAMRA, ta masu kishin wannan giya, tun 1971 take fafutukar kada ta ɓace. Mai sha ya nemi ɗanɗano tukuna, ko rabin kofi, don cikakken kofinsu mililita 568 ne.

Ni da ba na sha, ginin ne ya kai ni. Ginin mashayar Ye Olde Cheshire Cheese da ke titin Fleet an sake gina shi a 1667, bayan babbar gobarar Landan. Lungu-lungu ne, ga duhu, matakalarsa sai ka sunkuya. Lemo na karɓa, ba wanda ya ko kalle ni.

Amma fa ka tambaya kafin ka ci soyayyen kifinsu, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar.