Canza of-amf a amfilifaya: yaushe kunne ke jin bambanci, kuma yaya ake aikin

Of-amf ita ce ƙaramar aisin nan (IC, ƙwayar lantarki) mai ƙafa takwas da ke sashen farko na amfilifaya, ko mikisa, ko na'urar CD. Aikinta ɗaga siginar da ta shigo kafin ta kai ga manyan taransistocin da ke tura lasifika. Da yake wani lokaci a soket take zaune, cire ta a sa wata ba ya cin minti biyu, shi ya sa canza ta ya zama abin yayi. To, ana jin bambanci kuwa? Ana ji a hali biyu: idan tsohuwar ba ta dace da gurbin da aka sa ta ba, ko idan sabuwar ta rikice. Amma aisi biyu masu kyau da ke aiki bisa ƙa'ida, da wuya kunne ya raba su.

Dalili kuwa yana cikin yadda ake ɗaura ta. Wani kaso na abin da ta fitar yana komawa ƙafar shigarta, da shi take gyara kuskurenta. Saboda haka rezistoci da kafasitocin da ke kewaye da ita su ke yanke yawan ɗagawa da yadda bas da tirebul za su fito, ba ita ba.

A dubi saurin aisin, abin da masu sayarwa suka fi tallatawa. Sautin 20kHz mai tsayin bolt 10 yana bukatar aisin da za ta iya sauya bolt 1.26 a mikirosakan ɗaya. Tsohuwar 741 da Fairchild ya fitar a 1968 tana yin 0.5 ne kawai, don haka takan gaza. NE5532 tana yin 9, TL072 13, LM4562 kuwa 20. Duk ukun sun wuce bukata nesa ba kusa ba, kuma abin da ya ƙaru a kan bukata ba ya zama daɗin sauti. Idan ka buɗe na'ura ka tarar da 741, ko LM358 wadda ke ɓata sigina daidai inda take tsallaka sifili, canji zai yi amfani. Idan NE5532 ka tarar, mai yiwuwa kuɗinka kawai za ka kashe.

Inda aka fi jin bambanci na gaskiya shi ne a ƙarar "shii" ta sashen da ke ɗagawa sosai, kamar mashigar makirufo. Hayaniyar TL072 ta kai kusan 18 a ma'aunin nanobolt da kamfanoni ke rubutawa, ta NE5532 5, ta LM4562 2.7. Sai dai rezista ma tana da tata hayaniyar: mai 10k kaɗai tana ba da kusan 13. Ka ga ke nan in irinta ce a gaban aisin, sayen mai 2.7 a maimakon mai 5 kusan bai rage komai ba.

Kafin ka taɓa komai, karanta lambar da ke jikin tsohuwar, ka nemo takardar bayananta da ta sabuwar. Abu na farko, guda ce ko tagwaye? TL072, NE5532, 4558 da OPA2134 tagwaye ne: wutar fozitib a ƙafa ta 8, negatib a ta 4, fita a ta 1 da ta 7. TL071, NE5534 da OPA627 guda-guda ne, wutarsu a ƙafa ta 7, fitarsu a ta 6. Jikinsu iri ɗaya, amma in ka musanya su za ka iya ƙona aisin. Na biyu, ka auna wutar da mita, daga ƙafa ta 8 (ta 7 in aisin guda ce) zuwa ƙasa, wato layin sifili na allon, sannan ta 4. NE5532 tana jure har bolt ±22, LM4562 kuwa kada ta wuce ±17, alhali akwai na'urorin da ke aiki a ±18.

Na uku shi ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi jawo matsala. TL072 da OPA2134 mashigarsu ta FET ce, wani nau'in taransisto, kusan ba sa jan karan (wutar da ke gudana) ta ƙafar shiga. NE5532 tana jan wajen nanoamf 200. In akwai rezista 100k a wurin, wannan ya zama milibolt 20 na DC. A ninka shi sau 10, milibolt 200 ke nan a fita. Sakamakonsa shi ne "ƙarr-ƙarr" duk sanda aka murɗa bolum, da "dum" a lasifika lokacin kunnawa. Gurbin da aka tsara wa FET, FET ake mayar masa. Haka kuma TL072 tana cin kusan miliamf 3, NE5532 kusan 8. A mikisa mai aisi ashirin wannan ƙarin zai iya dafa regileta, wato sashen da ke daidaita wuta.

Cire filogi, ka jira manyan kafasitoci su sauke wuta, ka tabbatar da mita. Yi wa ɓangaren ƙafa ta 1 alama. In an like aisin ne da dalma, zuƙe dalmar a hankali kada layin tagulla ya ɗago, ka sa soket mai kyau. Sannan ka like kafasita siramik 100nF daga ƙafa ta 8 (ta 7 in aisin guda ce) zuwa ƙasa, wata daga ta 4 zuwa ƙasa, ƙafafunsu gajeru iya yiwuwa.

Waɗannan ƙananan kafasitocin ba ado ba ne. Aisi mai sauri irin LM4562, wadda ke kaiwa 55MHz, in ta samu kanta a allon da aka zana wa 4558, tana iya kama kaɗawa da kanta a mitar da kunne ba ya ji. Alamunta: aisin ta yi zafin da yatsa ba ya jurewa, sauti ya yi kaifi, wani lokaci tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, ta ƙone. Da yawan masu cewa sabuwar aisi ta "buɗe" musu sauti, wannan cutar suke saurare. Osiloskof, na'urar da ke zana sigina a allo, shi ne ke nuna ta ƙarara. In aisin ce ke tura dogon kebul, sa rezista om 47 zuwa 100 a layin fita. A kuma lura, NE5534 ba ta zama lafiya in ɗagawar ba ta kai ninki 3 ba sai an ƙara mata 22pF tsakanin ƙafa ta 5 da ta 8, OPA637 kuwa tana bukatar ninki 5.

Kunna da tsohuwar lasifika tukuna, ka auna DC a fita, ka taɓa aisin bayan minti biyar.

Sai gwajin kunne, kuma a nan ne mutane ke yaudarar kansu ba da niyya ba. Sa sautin 1kHz, ka auna fitar da mita a AC, ka daidaita na'urorin biyu kada tazararsu ta wuce kashi 1 cikin 100, domin wanda ya ɗan fi ƙarfi kullum shi ake jin ya fi daɗi. Tunanin kunne gajere ne, don haka ya fi kyau a sami allo biyu iri ɗaya da makunnin sauyawa. Wani ya riƙa sauyawa bisa jefa kwabo, kai ba ka gani, sau 16. In ka canka aisin da ke aiki daidai sau 12 ko fiye, akwai abin da kake ji. 8 ko 9 dace ne kawai.

Jabu kuma ya yi yawa a aisi masu tsada: a kankare lambar mai araha a buga OPA. Hanya mai sauƙi ta kama wasu ita ce auna karan ɗin da aisin ke ci ba sigina, a gwada da takardar kamfani. OPA2134 ta gaske tana cin kusan miliamf 8 ne gaba ɗaya. In mita ta nuna 3, ba ita aka sayar maka ba.