Darasi na 9: Me ya sa mai raunin zuciya yake haki da ya ɗan taka?

Iyayenmu da 'yan uwa, yau darasinmu kan ciwon nan ne da daktoci ke ce wa raunin zuciya, wato zuciya tana aiki amma ba ta iya tura jini yadda jiki ke so. Kusan kowa a nan Makka ya san wani dattijo ko wata Hajiya mai shi, ƙafa ta kumbura, da dare sai an tara matashin kai uku kafin a iya barci, daga unguwar Misfala zuwa Harami kuma sai an tsaya an huta sau da yawa.

Mutum lafiyayye in yana zaune, zuciyarsa na tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya, in ya kama gudu tana iya kaiwa lita 20 ko fiye. To wa ke gaya mata ta ƙara? Ba kai ba ne dai, don ba wanda ke cewa zuciyata yi sauri. Jijiyoyin saƙo ne ke wannan aiki da kansu, ko kana barci.

Na farko ƙwaƙwalwa ce, da ka yi niyyar tashi tun kafin ka ɗaga ƙafa bugun zuciya ya fara ƙaruwa. Na biyu wasu 'yan masu auna ƙarfin jini ne da Allah ya sa a jijiyar jini ta wuya, ta dama da ta hagu, da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. In jini ya sauka sai su sanar da ƙwaƙwalwa a ɗaga shi, in ya hau a sauke shi. A mai raunin zuciya waɗannan sun yi sanyi, ba sa amsawa da wuri, ga kuma magani yana sauke jini, shi ya sa wani in ya miƙe daga sujada da sauri sai jiri ya ɗebe shi. Baba, ka ɗan zauna tukuna kafin ka tashi, ba wanda zai ce ka yi laifi.

Na ukun shi ne nake so ku riƙe sosai, don mutane ba su san da shi ba. A cikin tsokar ƙafa da cinya akwai ƙananan jijiyoyi masu jin motsi da kuma dattin da tsoka ke fitarwa in tana aiki iskar oksijin ba ta ishe ta ba, abin nan da ke sa ka ji cinya na zafi in ka hau bene. Da dattin ya taru sai su aika saƙo sama, a ƙaro jini, a ƙaro numfashi. Tun 1937 likitoci a jami'ar Alƙahira suka nuna haka, suka bar hannun mutum a ɗaure bayan ya motsa shi don kada jinin ya fita, sai suka ga ƙarfin jininsa ya ƙi sauka har sai da aka kwance. A lafiyayye zuciya na amsa wannan kira ta ƙara turo jini, shi ke nan. Amma mai rauni ba ta da abin ƙarawa, sai jiki ya koma matse jijiyoyin jini, na ƙoda, na ciki, har da na tsokar da ke kukan, kamar dinamon tura ruwa ne da ya tsufa sai kuma ka zo ka taka tiyo, ai wahalar ƙaruwa za ta yi masa. Numfashi kuma ya yi ta hawa fiye da kima, ga haki ga gajiya.

Wurin da 'yan gida ke kuskure kenan wallahi, don tausayi sai a ce Hajiya kwanta kar ki taɓa komai. Kwanciyar nan tana ƙara rame tsoka, ramammiyar tsoka kuma ta fi saurin tara datti, ta fi yawan aika saƙon gaggawa. In ciwon ya lafa kuma dakta ya ba da izini, tafiya a hankali kullum tana rage wannan kukan na tsoka. A fara da minti 5 ko 10 bayan asuba ko bayan isha'i, ba da rana tsaka ba, kun san zafin garin nan yana wuce digiri 40 lokacin bazara. Ma'aunin mai sauƙi ne, in kana tafe kana iya hira to daidai, in magana ta gagara ka tsaya.

Maganin bisoprolol ko carvedilol da ake ba ku aikinsa rage ƙarfin wannan saƙon gaggawa a kan zuciya, don haka bugunku ba zai hau sosai ba ko kuna tafiya, kar a daina sha kawai don an ji sauƙi. Masu shan Lasix, maganin nan mai sa fitsari, kuma a kula da jiri in an yi gumi da yawa.

Batun Umra, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 wajen kilomita 3 ne, ga ɗawafi kafin shi. Ba sai mai wannan ciwo ya yi sassarfa a wurin koren fitila ba, arabiya, wato keken turawa, kuma tana nan, hawanta ba abin kunya ba ne. In aka ji ciwon ƙirji ko suma ko numfashi ya sarƙe ana zaune, a kira 997, lambar motar asibiti, nan take. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, a je mustashfa, wato asibiti.

Aikin gida: ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ƙirga bugun na daƙiƙa 30 sai ka ninka biyu, ka rubuta lambar a littafinka. Yawanci babba a zaune yana tsakanin 60 da 100. Sai ka yi tafiyar minti 5 ka sake ƙirgawa ka rubuta a ƙasanta. Kar a danna wuya wajen ƙirga, masu auna jinin nan suna wurin, dannawa na iya sa dattijo ya suma. Ku zo da lambobin biyu darasi mai zuwa.