Yadda ake ɗaukar hirar tarihi da dattijo a adana ta a intanet

1. Fara da neman izini. Da zarar ka kunna na'ura, faɗi kwanan wata da sunan mai magana, shi ma ya faɗa da bakinsa cewa ya amince a ɗauka, da ko ya yarda a sa a intanet.

2. Wajen nau'in fayil ɗin sauti, zaɓi WAV maimakon MP3. MP3 na zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Awa ɗaya ta WAV mai layin sauti ɗaya (mono), a saitin ingancin sauti na 44.1 kHz da bit 16, tana cin kusan MB 320, don haka duba wurin ajiyar wayarka tukuna.

3. Kashe fanka, rufe layin wayar, ajiye ta kamar kamu biyu daga bakinsa. Ɗauki minti ɗaya na gwaji ka saurara.

4. Kada ka matsa masa da neman shekara. Nan ne aka fi samun kuskure. Tambaye shi abin da ya faru a lokacin, wa ke mulki, yaransa nawa. Daga baya sai ka gwada da tsofaffin jaridu. In ya yi shiru, ƙyale shi, tunowa yake.

5. Sa wa fayil suna da kwanan wata a gaba, misali: 2024-03-15.

6. Buɗe asusu kyauta a archive.org, shafin intanet na adana fayiloli, ɗora fayil ɗin, cike harshe, wuri da taƙaitaccen bayani, domin muryar da ba bayani mai bincike ba zai gano ta ba. Ajiye wasu kwafi biyu a wurare daban.