Yadda za ki rubuta tarihin 'yar majalisar Iran ba tare da kin yi kame-kame ba

'Yan uwa mata, musamman ku ɗaliban jami'ar jihar Kaduna (KASU) da kwalejin fasaha ta Kaduna (Kadpoly) da ake ba aikin rubutu kan mata a siyasa, in kin zaɓi Iran to don Allah kar ki fara da rigimar Shi'a da Sunna, mu a Kaduna da an ce Iran nan hankali ke tafiya, shikenan matar ta ɓace a cikin musu.

Ki fara da ƙofar da ta bi ta shiga. Majalisarsu kujeru 290 ce, zango shekara 4, amma kafin sunan mutum ya hau takardar zaɓe sai wata majalisa daban mai mutum 12 (Guardian Council) da ke tantance 'yan takara ta amince da shi, kuma ko an ci zaɓen ba a tsira ba, Minoo Khaleghi ta ci a Isfahan a 2016 amma aka hana ta zama.

Sai ki riƙe mutum ɗaya. Ni dai Marzieh Vahid-Dastjerdi zan ce ki ɗauka. Likitar mata ce, ta wakilci Tehran daga 1992 zuwa 2000, kuma 'yar ɓangaren masu ra'ayin riƙau ce, to kar ki rufa mata rigar 'yar adawa don labarin ya yi daɗi. A 2009 shugaban ƙasa na lokacin, Ahmadinejad, ya miƙa sunayen mata 3 don minista, ita kaɗai majalisa ta amince da ita, ta zama ministar lafiya, mace ta farko da ta riƙe minista tun juyin juya halin 1979. Wajen da ya kamata ki tsaya sosai shi ne ƙarshen 2012, lokacin takunkumi ya matse, magani ya yi wuya, ta fito fili ta ce ba a sakin dalar shigo da magani, a watan Disamba aka sauke ta. Wallahi wannan kaɗai ya isa shafi biyu, ki tambayi kanki me ya sa mace daga cikin gwamnati ta yi maganar da ta san za ta iya cin kujerarta.

Wajen bincike ki gwada rubuta sunanta kala-kala, wasu Marzieh wasu Marziyeh. Duk shekarar da za ki sa ki tabbatar da ita a wuri biyu, don kalandar Iran daban ce, in kika ga 1388 to 2009 ake nufi ko farkon 2010.