Yadda ake tafiyar ƙafa a gaɓar Northumberland, daga Craster zuwa kufan Dunstanburgh da kewaye

Wanda ke zaune a Newcastle ko Sunderland, ɗalibi ne ko ma'aikaci, yana da gaɓar teku a arewa da shi wadda ta cancanci yini guda. Hanyar ƙafa ta gaɓar Northumberland ta kai kusan kilomita 100, daga Cresswell har Berwick, amma ba sai an yi ta duka ba. Ana yankar guntu a yi da safe a dawo da yamma. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, yara da dattawa suna iya ta. Abin da ke ɓata wa mutane tafiya a nan ba nisa ba ne. Cikar teku ce, da iska, da gajartar yini, da bas ɗin ƙarshe. Su za ka fara lissafawa kafin kilomita.

Mafari mafi sauƙi shi ne ƙauyen masunta na Craster. Bas mai lamba X18 da ke tashi daga Newcastle yana bi ta Alnwick ya shiga Craster, amma ba ya yawan zuwa, don haka rubuta lokacin na ƙarshe a takarda tun a gida, kada ka dogara da waya, domin sabis yana ɗaukewa a wasu wuraren. Mai mota zai ajiye ta a filin biya da ke tsohon wurin fasa dutse a bakin ƙauyen. Daga tashar jiragen kamun kifi ka juya hagu, teku tana damanka, ka bi ta gaban jerin gidaje har ka isa ƙofar shinge. Da ka wuce ta, kufan tsohuwar fadar Dunstanburgh na nan a gabanka a kan tudu, ba ka buƙatar taswira. Kilomita 2 ne da ɗan ɗori, kamar rabin awa a tafiyar da ba gaggawa.

Wannan fada Thomas, mai sarautar Lancaster, ya fara gina ta a 1313, lokacin da yake takun saƙa da Sarki Edward na biyu. Babu titin mota zuwa wurin, shi ya sa ba a cika cunkoso ba. Ƙungiyar English Heritage ke kula da shiga ciki, ana biyan kuɗi, kuma a lokacin sanyi ba kullum ake buɗewa ba. Ko a rufe ka same ta ba ka yi asara ba, don hasumiyoyin ƙofar biyu da bangon ana ganinsu sarai daga waje.

Filin da za ka ratsa makiyaya ce. Tumaki ba su da matsala, amma shanu masu maruƙa a ba su fili. Kada ka bi ta tsakanin saniya da ɗanta, kada ka ruga, ka kewaye garken a hankali. Duk ƙofar da ka samu a rufe ka rufe ta bayanka. Bayan ruwan sama ciyawar tana yin taɓo kusa da ƙofofi, duwatsun bakin ruwa kuma baƙaƙe ne masu gansakuka da santsi. Yawancin targaɗe a nan ake samunsa, wajen sauka ɗaukar hoto da takalmi mai sulɓin tafi.

In ƙafa ba ta gaji ba, kewaya fadar ta ɓangaren tudu ka gangara arewa. Hanyar tana bi ta gefen filin wasan golf ta fita yashin Embleton, daga nan har Low Newton. Daga Craster zuwa can kusan kilomita 6 ne, kenan zuwa da dawowa sha biyu. Idan ruwa ya janye, bi ta jiƙaƙƙen yashi, ya fi tauri da sauƙin taku. Busasshen yashi na sama yana cin ƙarfi ninki biyu. Akwai ƙaramin rafi da ke ratsa yashin zuwa teku. In ya yi zurfi, koma ta tudun yashi inda akwai gadar ƙafa.

Guntu na biyu shi ne Seahouses zuwa Bamburgh, kusan kilomita 5 a kan yashi. Fara daga Seahouses, domin fadar Bamburgh ta kasance a gabanka tana ƙara girma. Tsibiran Farne suna damanka. Daga hasumiyar fitila ta Longstone da ke can ne Grace Darling da mahaifinta suka tuƙa kwale-kwale a 1838 suka ceto mutanen jirgin da ya daki dutse, kuma akwai ƙaramin gidan tarihi nata a Bamburgh.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne tsibirin Holy Island, wanda ake kira Lindisfarne. A nan aka kafa gidan ibadar Kirista a 635, kuma a nan maharan Viking, 'yan arewacin Turai masu zuwa ta teku, suka kai farmaki a 793. Teku tana rufe titin shiga sau biyu a kowane yini da dare. Majalisar gundumar Northumberland tana wallafa jadawalin lokutan ƙetarewa, kuma an lika shi a bakin titin. Duba na ranar da za ka je, ba na jiya ba, domin cikar ruwa tana jinkirta da kamar minti 50 kowace rana. Kusan kowace shekara sai an ceto direbobin da suka ga ruwa kaɗan suka ce za su wuce. Ruwan yana zuwa ta gefe a kan shimfiɗaɗɗen yashi, kafin a ankara ya kai injin mota.

Ga wani abu da da yawa ba su sani ba: jadawalin nan na titin kwalta ne kaɗai. Tsohuwar hanyar masu ziyara, wadda ke ratsa yashi da laka tsawon kusan kilomita 5 ana bin jerin sanduna, tana da nata lissafin. Ana shiga ne lokacin da ruwa ke janyewa, kamar awa biyu kafin ya kai ƙarshen janyewarsa, da rana, ba cikin hazo ba. Ba a shiga ruwa yana dawowa, ko da agogo ya nuna akwai saura. Mai yara ko sabon shiga ya haƙura da ita. Ya shiga da mota, ya yi tattaki daga ƙauyen zuwa fadar tsibirin, kilomita ɗaya da rabi, sannan ya fita da ratar aƙalla rabin awa kafin rufewa.

Mai son karkara maimakon teku sai ya nufi ganuwar Hadrian, wadda Romawa suka fara ginawa a shekara ta 122, tsawonta kilomita 117. Bas mai lamba AD122 yana bi tsakanin Hexham da Haltwhistle ya tsaya a sansanin Housesteads. Daga tasha zuwa sansanin hawa ne na kamar minti goma sha biyar. Yankin Steel Rigg zuwa Housesteads gajere ne a taswira, amma hawa da gangara ne a kan matakalan dutse, ba na mai ciwon gwiwa ba. Tsohuwar hanyar sojan Romawa da ke ƙasa da ganuwar ta kudu ta fi laushi. Kada a hau kan ganuwar ko a ɗauki dutse.

Kaya kuwa ba su da yawa: takalmi mai ƙwarin tafi, riga mai hana ruwa da iska ko da gari ya waye da rana, riguna biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai nauyi, ruwa lita ɗaya ga kowane mutum, da guzuri. Lema ba ta da amfani, iska ke juya ta. Auduga in ta jiƙe da gumi tana sanyaya jiki. Taswirorin hukumar taswira ta Ordnance Survey masu lamba 332 da 340 sun ɗauki yankunan gaɓar da aka ambata, OL43 ta ɗauki ganuwar. Bayan ratsa doguwar ciyawa a duba ƙafafu da bayan gwiwa saboda kaska, tana ɗauke da cuta.

A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna. Fita da alwala, ka ɗauki darduma mara nauyi. Alƙibla a wannan yanki kudu maso gabas take. A watan Yuni kuwa haske yana kaiwa wajen ƙarfe goma na dare. Idan ruwa ya yanke maka hanya ko wani ya faɗa teku, kira 999 ka nemi masu gadin gaɓa, ka faɗi sunan ƙauye mafi kusa, ka hau tudu ka jira, kada ka shiga ruwan da kanka.