Yadda Ake Kawar da Funfuna a Ɗaki da Hana Ta Dawowa

Idan damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta lokacin marka, ɗakuna da yawa sukan ɗauki wani wari irin na tsohon akwati, kuma in aka janyo kabad daga jikin bango sai a tarar da baƙaƙen ɗige-ɗige ko wani abu kore mai laushi kamar auduga. Wannan ita ce funfuna. Halitta ce mai rai wadda irinta ke yawo a iska ko yaushe, ba ya jiran komai sai danshi, kuma da zarar ya samu bango mai laima, ko katako, ko takalmin fata da aka manta a ƙarƙashin gado, yana iya tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda haka aikin ba daga goga da sabulu yake farawa ba, daga gano hanyar ruwa yake farawa.

Wurin da tabon ya fito shi ne yake nuna hanyar. Idan a silin ne ko a saman bango, kwano ne yake yoyo, ko ƙusa ta saki, ko kuma indararo ya toshe ruwa yana komawa ciki. Idan a gindin bango ne, ya kewaye ɗakin zuwa tsayin gwiwa, danshin ƙasa ne yake hawowa, wanda akan samu a ginin da ba a shimfiɗa leda a harsashinsa ba, ko inda kwata ta jingina da bango daga waje. Bangon da ya haɗa da banɗaki kuwa, a nemi mai gyaran famfo ya duba bututun da ke ciki. Ba kowane farin abu ne funfuna ba: sau da yawa gishiri ne da ruwa ya kwaso daga bulo, kuma ana gane shi da cewa yana narkewa in an ɗiga masa ruwa, yana kuma murmushewa a yatsa.

Bayan an toshe hanyar ruwan, sai a fitar da yara da tsofaffi da duk mai asma ko ciwon ƙirji daga ɗakin, a buɗe tagogi, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. Mai aikin ya sa safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi na N95, domin na ƙyalle ba ya tare irin funfuna yadda ya kamata. Kada a share wurin da tsintsiya yana bushe. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana watsa irin ne ko'ina a cikin ɗakin. A fara jiƙa wurin, sannan a cuɗa da buroshi da ruwan sabulun gari.

A kan tayil, da siminti, da gilashi, da ƙarfe, sabulu da ruwa kan wadatar. Wanda ya ga sai ya ƙara da bilic, irin su Hypo ko Jik, kada ya wuce kofi ɗaya a cikin ruwa kusan lita 4, ya shafa, ya bari na kimanin minti 10, ya ɗauraye, ya tsane wurin. A nan ne ake bukatar kulawa fiye da ko'ina: ba a haɗa bilic da komai sai ruwa. In ya gamu da binega ko maganin wanke masai yana fitar da iskar kulorin, in ya gamu da amoniya, sinadarin da ke cikin wasu magungunan goge-goge, yana fitar da wata iska mai guba, kuma dukkansu suna iya shaƙe mutum a rufaffen banɗaki.

Kayan da ke shan ruwa hukuncinsu daban ne, domin funfuna tana nutsa saiwoyinta cikinsu. Tufafi da zannuwan gado a wanke a shanya a rana har su bushe ƙayau. Takalma da jakunkunan fata a goge su a tsakar gida. Amma katifar soso da funfuna ta ratsa, da kafet da ya kwana biyu a jiƙe, da kwalin silin da ya kumbura, abin da ya fi shi ne a ɗaure su a leda a fitar, ko da yake na san rabuwa da katifa a tsadar yau ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar cewa in faɗin wurin ya haura ƙafa 10 murabba'i, wato kusan mita ɗaya murabba'i, a nemi ƙwararru.

Mutane da yawa, in biki ko Salla ta matso, sukan lulluɓe tabon da sabon fenti, sai kuma a ga fentin yana ɓawo kafin damina ta fita. A jira bango ya bushe sarai, kuma hunturu ne lokacin da ya fi dacewa da fenti da gyaran filasta.

Hana ta dawowa al'ada ce ta kullum a cikin damina. A bar tazarar tafin hannu tsakanin bango da kabad ko gado, a ɗora akwatuna da buhunan abinci a kan katako, a daina shanya jiƙaƙƙun kaya a uwar ɗaki, a kuma buɗe tagogi duk ranar da rana ta fito. Duk abin da ruwa ya taɓa a busar da shi cikin awa 48. A ɗakin ajiya kuwa, gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ba a wanke ta a ci, ba a kuma bai wa dabbobi, domin tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa.