Yadda za ka tsira a kan keke a garin da aka gina don mota, har ka sa a gyara maka mahaɗa ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zuwa aiki a kan keke, kilomita bakwai zuwa, bakwai dawowa, a garin da masu zana titunansa ba su taɓa kawo wa ransu mutum zai bi su ba tare da inji ba. Sau ɗaya na kwanta asibiti, kuma motar da ta jawo mini hakan a tsaye take. Direban ya buɗe ƙofa zai fito, ni kuwa ina maƙale da gefen titi kamar yadda kowa ya ce mini ya fi aminci. Kafaɗata ta karye, na yi mako shida hannu a rataye.

Saboda haka da gefen titi zan fara. Kada ka maƙale masa. Can ne yashi da fasassun kwalabe da ramuka suke taruwa, can ne ƙofofin motoci ke buɗewa, kuma idon direba ba ya zuwa can, domin yana duban inda yake tsammanin wata motar za ta fito. In za ka wuce jerin motocin da aka ajiye, bar tazarar da ko an wangale ƙofa ba za ta taɓa ka ba, wato mita ɗaya ko fiye. In hanya ta yi ƙunci har mota ba za ta iya wuce ka da sarari ba, shiga tsakiyar layin ka riƙe shi sai wurin ya buɗe, sannan ka koma gefe ka ɗaga wa direban hannu. Ranar farko gabanka zai faɗi. Za a yi maka hon, wani ma ya leƙo ya faɗa maka baƙar magana. Ni dai hon ya daina damuna: wanda ya danna maka shi ya gan ka. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya ga ka raɓe, ya ɗauka akwai wuri, ya zo ya shafe ka da madubi.

Neman wannan tazara ba son rai ba ne. Jamus ta sa a dokarta a 2020 cewa mota ta bar wa keke mita 1.5 a cikin gari, mita 2 a wajen gari. Birtaniya ta saka mita 1.5 a ƙa'idojin hanyarta a 2022, har da shawarar direba ya riƙa buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, yadda jikinsa zai juya ya ga abin da ke tahowa ta baya. Da wanda ya karya ni ya san wannan, da ban san ɗakin ƙashi ba.

Abu na biyu shi ne mai kisa. Tirela, tifa, doguwar bas: kada ka taɓa kutsawa tsakaninsu da gefen titi a bakin mahaɗa, ko da danja ta tsayar da su, ko da ka ga wuri kamar an share maka. Babbar mota kan buɗa waje kafin ta sha kwana, sai ka ɗauka miƙewa za ta yi, alhali tayoyinta na baya za su yanko ciki, daidai inda kake tsaye. Direban yana can sama, akwai wuraren da madubinsa ba ya nuna masa. In ba ka ganin fuskarsa a madubi, shi ma bai gan ka ba. Tsaya a bayanta, ta tafi. Daƙiƙa ashirin za ka rasa.

Akwai masu bin hannun da ba nasu ba, wai don su riƙa ganin motar da ke zuwa. Yi lissafi. Mota tana kilomita 50 a awa, kai kana 15. In hanyarku ɗaya, da gudun 35 take cim maka. In kuna fuskantar juna, da 65 za ku haɗu. Ga shi mai fitowa daga lungu ba ya duban ɓangaren da kake tahowa.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Farar fitila a gaba, ja a baya, tun magariba ba ta yi ba. Matsa birki biyu kafin ka fita. Na gaba shi ya fi tsayar da keke, amma ja jikinka baya in za ka matsa shi da ƙarfi, kuma in ana ruwa fara matsawa da wuri. Je fili ka koyi waiwaye ba tare da keken ya karkace ba, domin waiwaye kafin miƙa hannu ya fi miƙa hannun kansa amfani. A mahaɗa, tayar gaban mota nake kallo, ba fuskar direba ba. Na sha ganin mutum ya zuba mini ido kuma ya taho. Cire abin sauraro daga kunne. Sa hular kwano, ta zauna yatsa biyu sama da gira, a ɗaure. Ina sa tawa kullum, amma na san don faɗuwa aka ƙera ta, ba ta da abin da za ta yi da tayar tifa. Kuma in akwai hanyar cikin unguwa da ta ƙara maka minti biyar, bi ta.

Duk wannan dabara ce ta babba mai lafiya. Yaro ɗan shekara tara ba zai riƙe tsakiyar layi a gaban bas ba, kuma bai kamata a ce ya yi ba. Nan ne maganar ke komawa kan titin kansa.

Mutane na cewa ai mu ba Holan ba ne, ƙasar da ta yi suna wajen hawan keke. Holan ɗin ma ba haka ta tashi ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito da gangamin da suka kira Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara, suka riƙa tare tituna. Matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara musu ƙarfi. A Bogota ta ƙasar Kolombiya kuwa, abin da ya faro a 1974 ya zama al'ada: duk Lahadi ana rufe wa motoci tituna na fiye da kilomita 100 daga safe zuwa ƙarfe biyu na rana.

Mu kuskuren da muka fara yi shi ne neman komai. Mu shida muka rubuta takarda mai shafi huɗu muna neman hanyar keke a duk faɗin gari. Ko amsa ba mu samu ba, kuma yanzu ban ga laifinsu sosai ba: babu jami'in da zai iya sa hannu a kan "duk gari". Ga yadda muka sake lale.

Zaɓi wuri ɗaya, wanda kowa ya san sharrinsa. Mu mahaɗar da ke kusa da wata makarantar firamare muka ɗauka. Tsaya can da littafi da biro daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, kwana biyar a jere. Ƙirga kekuna, ƙirga yaran da ke tsallakawa, rubuta duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi, ɗauki hoto daga tsayin idon yaro don a ga yadda motocin da aka ajiye a kan kwana ke tare masa gani. Gani ya kori ji. Sannan bincika wace hukuma ce ke da titin, domin wani na majalisar gari ne, wani na gwamnatin sama. Mun ɓata wata biyu muna zarya a ofishin da ba shi da iko a kansa.

Nemi abu mai suna. A hana ajiye mota a bakin kwana. A yi tudun rage gudu. A mayar da iyakar gudu kilomita 30 a awa, wanda shi ne abin da Sanarwar Stockholm ta 2020, matsayar taron ministocin duniya kan kiyaye haɗarin hanya, ta nema a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Dalilin a fili yake: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkawa huɗu yake yi. In hanyar keke kake nema, nemi a raba ta da dakali ko turaku. Fenti ba ya tare mota, ƙarshenta ma wurin ajiye motoci yake zama.

Kada ka je a matsayin mai keke da ke faɗa da masu mota, za ka sha kaye, sun fi ka yawa kuma jami'in da kake gabansa da mota ya zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tafi da iyayen yara, da shugaban makaranta, da mai keken guragu, da tsohuwar da ke tsoron tsallakawa. Masu shaguna za su ji tsoron rasa wurin ajiye motar masu saye, to ka same su tun kafin su ji a bakin wani. In an ce babu kuɗi, roƙi gwaji na wata uku da robobin tare hanya. "Gwaji" kalma ce da jami'i ke iya amincewa da ita ba tare da ya ji ya ɗaure kansa ba. Kai takarda da hannunka, a buga maka hatimi a kwafinka, ka koma bayan mako biyu. Ranar 3 ga Yuni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, rana ce mai kyau ta gayyatar 'yan jarida da kansila su bi hanyar da ƙafarsu.

Namu kansilan ya zo, muka ara masa keke. Bai kai ƙarshen layin ba ya sauka ya tura. Bayan wata goma sha huɗu aka hana ajiye mota a kwanar, aka yi tudu biyu. Dakalin da muka nema ba a ba mu ba, an ce sai kasafin baɗi. Ranar Litinin zan koma da littafina, wannan karon shataletalen da ke gaba da makarantar za mu ƙirga.